Wa Zai Duba Ƙirjin Talaka?

Aikina a ofishin jam'iyya riƙon littafin sunaye ne. In mutum ya yanki kati ni ke rubuta shi, in ya biya kuɗin wata ni ke sa masa alama, in kuwa Allah ya karɓi abinsa ni ke ɗaukar jan biro in ja layi a kan sunan. A watan jiya na ja layi a kan sunan wani dattijo mai awon hatsi a babbar kasuwa, wanda ya yanki katinsa tun ina ɗan makaranta, bai kuwa taɓa fashin taro ba sai da tari ya kwantar da shi. Ba zan faɗi sunansa ba don iyalinsa ba su ba ni izini ba, amma mutanen layin hatsi sun san wanda nake nufi. Allah ya jiƙansa.

Ga yadda abin ya tafi. Mutumin ya soma shan sigari tun yana yaron mota, ya yi fiye da shekara 30 yana sha. Tarin ya fara da hunturu, aka ce ƙura ce. Ya je kemis aka ba shi na ruwa mai zaƙi, ya shanye kwalba uku. Da bazara ta shigo tarin bai tafi ba, sai ya tafi asibiti, aka ba shi ɗan gwangwani ya tofa kaki, aka auna, ba a ga ƙwayar tarin fuka ba. Aka ɗauki hoton ƙirji aka ga wani duhu a gefen dama, aka ce ai ko ba a ga ƙwayar ba tarin fuka ne, aka ɗora shi kan maganin wata shida. Ya sha bai tsallake ko kwana ɗaya ba, ni shaida ne, don katin asibitin yana aljihu ɗaya da katin jam'iyya. Wata shida ya cika mutum sai ramewa yake yi, murya ta dishe, kaki ya soma zuwa da jini. Ya koma, aka yi masa faɗa wai ba ya shan magani daidai. Sai da ɗansa ya sayar da rumfar aka kai shi babban asibitin wani gari, aka shigar da shi na'urar da ake kira siti-sikan, aka sa allura aka ɗebo ɗan nama aka auna, sa'an nan aka faɗa musu sunan ciwon: ciwon daji ne na huhu, ya riga ya kai hanta da ƙashin baya. Likita ya kaɗa kai ya ce, "Da kun zo da wuri."

Da kun zo da wuri! Jama'a, ku ji wannan magana. Mutumin nan sau uku yana kai ƙirjinsa gaban masu farar riga cikin wata goma sha huɗu. Da ƙafarsa ya je, da kuɗinsa ya je, abin da aka ce ya sha ya sha. Shi ya zo da wuri, dubawa ce ba a yi da wuri ba. Ni ban ga laifin ƙaramin ma'aikacin da ya ba shi maganin tarin fuka ba, gama abin da ke cikin kabad ɗinsa ke nan, mutum kuwa ba ya ba da abin da ba shi da shi. Laifin yana wuyan waɗanda suka bar kabad ɗin haka, su ne kuwa zan yi magana da su yau.

A watan Mayu na 2025 wakilan ƙasashen duniya suka taru a Janeba ta ƙasar Suwizalan, wurin babban taron shekara na Hukumar Lafiya ta Duniya, suka zartar da ƙuduri a kan lafiyar huhu. Abin da suka yarda da shi shi ne a daina raba cututtukan ƙirji kowanne da ofishinsa, a riƙa duban tarin fuka da asma da ciwon haƙarƙari da ciwon dajin huhu tare, tun daga ƙaramin asibiti. Nijeriya tana cikin wannan hukuma, saboda haka ƙudurin ya hau kanta. To, wa ya zo kasuwa ya gaya muku? Manyanmu sun iya zuwa taro ƙasashen waje, sun iya karɓar kuɗin guzuri, sun iya tsayawa a ɗauki hoto. In sun dawo takardar tana shiga durowa, durowar kuwa ba ta da mabuɗi.

Bari in gaya muku girman abin da suka sa cikin durowa. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum wajen miliyan 2 da rabi suka kamu da ciwon dajin huhu, miliyan 1 da dubu 800 suka mutu da shi. Watau kusan mutum 5,000 kowace rana ta Allah. Cikin dukan ire-iren ciwon daji babu wanda ya kai shi kisa, ko na nono, ko na hanji, ko na hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce wajen kashi 85 cikin 100 na masu wannan ciwo taba ce sanadinsu.

Mugun halinsa shi ne shiru. Naman huhu ba ya jin zafi yadda fata take ji. Ƙari yakan fara kamar ƙwayar gero, ya yi ta girma wata da watanni, mutum yana cin tuwonsa yana ɗaukar buhu bai san yana ɗauke da kome ba. Sai ya toshe hanyar iska, ko ya taɓa bangon ƙirji, ko ya bi jini ya sauka a ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa, sa'an nan jiki zai yi ƙara. In an kama shi yana nan wuri guda, likita ya yanke wannan ɓangare na huhu ya jefar, lissafin Ingila da na Amurka ya nuna wajen mutum 6 cikin 10 suna nan da ransu bayan shekara 5. In ya riga ya bazu, ko mutum 1 cikin 10 ba ya kaiwa. Ciwo ɗaya ne, wuƙar likita ɗaya ce, abin da ya raba su ranar da aka gan shi.

Kada wani ya ce muku sabon ilmi ne. Tun 1950 wasu masana biyu a Landan, Richard Doll da Bradford Hill, suka bi asibitoci suna tambayar masu ciwon dajin huhu, suka tarar kusan dukansu mashaya sigari ne. A 1951 suka fara bin likitocin Ingila su kansu, dubun dubatarsu, suna rubuta wa yake sha, wa ya mutu, me ya kashe shi, aka yi shekara 50 ana wannan lissafi. A watan Satumba na 1951 ɗin nan aka cire wa Sarkin Ingila Joji na Shida huhunsa na hagu saboda wannan ciwo, mutumin da kansa ke jikin sulallan da kakanninmu suke biyan haraji da su, mashayin sigari ne na gaske, ya rasu a Fabrairu 1952 yana da shekara 56. A 1957 gwamnatin Ingila ta faɗa a gaban majalisarta cewa ta yarda taba tana kawo ciwon. To, a cikin waɗannan shekaru ɗin ne dai aka kafa masana'antar sigari a Fatakwal, aka zo aka kafa wata a Zariya, bayan ta Ibadan da ta riga su. A can ana gaya wa mutane su yi hankali, a nan ana raba wa manoma irin taba.

Su masu kamfanonin ba su zauna ba. A Janairu 1954 suka sayi shafi a ɗaruruwan jaridun Amurka suna cewa ba a tabbatar da kome ba tukuna. A 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba bakwai suka ɗaga hannu suka yi rantsuwa gaban majalisar Amurka, kowannensu ya ce shi bai yarda sinadarin nikotin yana kama mutum ba. Shekara huɗu bayan haka, a 1998, kamfanonin suka yarda su biya jihohi 46 na Amurka dala biliyan 206 don a janye ƙararrakin da aka kai su. A Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu maza 8 cikin 10 suna shan taba, yau manyan da ke sha ba su wuce 1 cikin 8 ba. Da kasuwa ta mutu musu a gida ina kuke tsammani suka nufa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu amfani da taba a duniya, wajen kashi 80 cikin 100 suna ƙasashen matalauta ne da masu matsakaicin hali. A 2001 gwamnatin Nijeriya ta sa hannu da kamfanin British American Tobacco a kan sabuwar masana'anta ta dala miliyan 150 a Ibadan, aka buɗe ta a 2003, aka yi ta tafi wai an jawo jari. Ɓarnar taba kuwa ba ta bayyana ranar da aka kunna ta, sai bayan shekara 20 ko 30. Ku ƙirga da kanku ku ga lokacin da girbin zai iso.

Yanzu ga zancen awo. Shekaru da yawa likitoci sun gwada ɗaukar hoton ƙirji irin na kullum ga mutane masu lafiya, ko za a kama ciwon da wuri, abin bai rage mutuwa ba. Wani babban gwaji a Amurka mai mutum wajen 155,000 ya tabbatar da haka a 2011. Dalili kuwa shi ne hoton kullum inuwa ce guda ɗaya, ƙaramin ƙari yana iya ɓuya bayan zuciya ko bayan haƙarƙari. Na'urar siti-sikan ita kuwa tana zagaya mutum tana ɗaukar ƙirjin yanki-yanki, kamar yadda mai shayi yake yanka burodi, har tabon da bai kai ƙwayar wake ba sai ta nuna shi, kuma an sami hanyar yin haka da ƙaramin haske wanda ba ya yi wa jiki illa sosai. A Amurka aka ɗauki mutum fiye da 53,000, masu shekara 55 zuwa 74, tsofaffin mashaya, aka raba su biyu, rabi hoton kullum, rabi siti-sikan, sau ɗaya a shekara har sau uku. Da aka fitar da sakamako a 2011, mutuwa da ciwon dajin huhu ta ragu da kashi 20 cikin 100 a wajen masu siti-sikan. Aka sake irin wannan gwaji a Holan da Beljiyam, sakamako ya fito a 2020, a cikin maza mutuwar ta ragu da kashi 24 cikin 100 bayan shekara 10. Tun 2021 shawarar da ake bi a Amurka ita ce duk mai shekara 50 zuwa 80 wanda ya sha kwatankwacin kwali ɗaya kullum har shekara 20, yana sha har yanzu ko bai fi shekara 15 da bari ba, a duba shi kowace shekara. Koriya ta Kudu ta fara nata shirin na ƙasa a 2019, Taiwan a 2022, Ostareliya a 2025.

Amma wanda ya fi ba ni sha'awa, kuma ya fi ba ni haushi, shi ne na Manchesta. Can ma akwai talakawa, can ma talaka ne ya fi shan sigari, shi ne kuma ya fi tsoron ƙofar asibiti. A 2016 likitocin garin suka ce tun da mutanen nan ba za su zo ba, bari mu je mu same su. Suka ɗora na'urar a kan babbar mota, suka kai ta unguwannin marasa ƙarfi, suka ajiye ta a filin ajiye motoci na manyan kantuna, inda mutum zai zo cefane ya ratse a tambaye shi tarihin shan tabarsa, a auna numfashinsa, in ya cancanta a ɗauki hoton nan take, ba ko kwabo. Cikin waɗanda aka ɗauka, wajen 3 cikin 100 aka same su da ciwon, kuma kusan 8 cikin 10 na waɗannan tun yana ɗanye aka kama shi. A 2023 gwamnatin Ingila ta ce za a baza wannan shiri ko'ina cikin ƙasar ga masu shekara 55 zuwa 74 da suka taɓa shan taba. Ku duba fa, a bakin kasuwa! Mu motar gwamnati da muka sani tana zuwa bakin kasuwa iri biyu ce, ta masu karɓar haraji da ta masu rushe rumfa.

Na san abin da 'yan koren gwamnati za su ce, don na sha ji. Za su ce ai wannan ciwon Turawa ne, mu nan zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da mutuwar mata wurin haihuwa sun ishe mu. Za su buɗe littafi su nuna cewa ƙiyasin da ake yi wa Nijeriya bai kai mutum 2,000 a shekara ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, alhali Ingila da ba ta kai mu rabi ba tana samun dubun dubata. Akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna maza wajen 10 cikin 100 ne ke amfani da taba a Nijeriya, mata kuwa 1 cikin 100, kuma yawancin jama'armu yara ne da samari, ciwon kuwa ya fi kama wanda ya manyanta. Amma ku tambaye su yadda aka sami wannan lissafi. Ana samunsa ne daga rajistar ciwon daji da ke wasu manyan asibitoci, irin ta Ibadan da aka kafa tun 1960. Wanda ya isa babban asibiti aka auna namansa, shi ke shiga rajista. Wanda ya yi tari a ƙauye ya rame ya mutu da hantsi aka binne shi kafin azahar, wa ya ƙirga shi? Dattijon nan namu, da ɗansa bai sayar da rumfa ba, da a littafin gwamnati sunansa yana layin masu tarin fuka da magani bai yi musu aiki ba. Ni akawu ne, na san wannan dabara: abin da ba ka so ka biya, kada ka rubuta shi.

Za su kuma ce awon yana da illa, kuma yana da tsada. Wannan ma gaskiya ne, ya kamata ku san shi don kada wani mai asibitin kuɗi ya ruɗe ku. A gwajin Amurka, kusan hoto 1 cikin 4 ya nuna wani tabo, amma da aka bi diddigi, 96 cikin 100 na waɗannan tabbai ba ciwon daji ba ne. An tayar wa mutane hankali a banza, wasu har an soka musu allura a ƙirji ba dalili. Sai an duba mutum wajen 320 kafin a ceci rai guda. A ƙasa irin tamu da tarin fuka ya bar wa mutane da yawa tabo a huhu, ruɗanin zai fi haka. Saboda haka saurayin da bai taɓa shan taba ba, lafiyarsa ƙalau, ba shi da abin nema a cikin wannan na'ura. Kuma a gaya wa mutum yana da ciwo alhali ba likitan fiɗa, ba na'urar gashi, ba magani, wannan zalunci ne. Mu ba mu ce a sayo na'ura dubu a jibge ba. Mun san yadda kwangilar sayen na'ura take ƙarewa a ƙasar nan: a yi biki a yanke ƙyalle, bayan wata uku a ce ba wuta, bayan shekara gizo-gizo ya yi saƙa a kanta.

Abin da muke nema ya fi wannan sauƙi, shi ya sa ba su da hanyar kaucewa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kusan rabin miliyan kowace shekara. Saboda haka an riga an baza wuraren awon kaki da ba da magani kyauta a ƙananan hukumomi, kuma an riga an koya wa jama'a cewa tarin da ya wuce mako biyu a kai shi can. Watau hanyar tana nan, masu tari suna bin ta kullum. Inda ta yanke shi ne nan: in aka auna kaki ba a ga ƙwayar ba, ko aka ba da magani wata biyu mutum bai ji sauƙi ba, ba wanda ya san inda za a tura shi. Muna so a kafa doka a rubuce, a manna ta a bangon kowane ɗakin awon kaki, cewa duk wanda ya haura shekara 40 ya zo da tari mai naci, aka rasa ƙwayar tarin fuka ko magani ya ƙi ci, balle in mashayi ne, a ba shi takarda zuwa siti-sikan da awon nama cikin makonni kaɗan, kuma gwamnati ta biya. Ba sai ya sayar da rumfa ba. Wannan shi ne ainihin abin da aka yarda da shi a Janeba. In wannan ya tsaya da ƙafarsa, sa'an nan a gwada irin na Manchesta a gari ɗaya ko biyu, a kai mota tasha da kasuwa a duba tsofaffin direbobi da 'yan dako da suka daɗe suna sha, a rubuta abin da aka gani, mu sami lissafinmu na kanmu.

Kada a manta da waɗanda ba su taɓa sa kara a baki ba. Uwarmu mai tuyar ƙosai da ta yi shekara 30 tana sunkuye kan murhu, da mai tuwon sayarwa, da mai tsire, da mai injin niƙa, da tela da janareton maƙwabci ke busa masa hayaƙi tun safe har dare. Tun 2012 hukumar nan ta Liyon ta sa hayaƙin man dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon dajin huhu, hayaƙin itace kuma tana zarginsa ƙwarai. Ita ma mai ƙosai in tarinta ya ƙi jin magani a duba ta, kada a sallame ta da cewa ai ke ba kya shan taba.

Sai su ce ina kuɗi. Kuɗi yana cikin kwalin sigari. Kowane kwali da aka sayar gwamnati tana da rabonta a ciki, amma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mai tari yana tofar da jini, baitulmali yana ƙirga riba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara haraji ya kai kashi 75 cikin 100 na farashin kwali, don tsada ita ce ta fi hana yaro farawa. Namu bai ko kusanci nan ba. A ɗaga shi, a ware wani kashi a rubuce a ce wannan na ƙirjin jama'a ne. A Disamba 2023 hukumar kare masu saye ta tarayya ta ba da sanarwar cin kamfanin British American Tobacco na Nijeriya tarar dala miliyan 110. Muna tambaya, nawa daga ciki ya isa ɗakin awon kaki? Da aka buɗe asusun taimakon masu ciwon daji marasa ƙarfi a 2021, da ciwon nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza aka fara. Madalla, muna murna, amma huhu fa? Kuma a Abuja ne, ba a wani gari ba, shugabannin Afirka suka yi alkawari a Afrilu 2001 za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba ko sau ɗaya, tana ta yawo wajen kashi 5. Shi ya sa cikin kowace naira 10 da ake kashewa a kan magani a ƙasar nan, fiye da 7 daga aljihun majinyaci suke fitowa.

Akwai kuma masu cewa ajali ne, in ya zo ba makawa. Haka ne, ba mai ja da wannan. Amma ban taɓa ganin babban mutum ya yi tari mako biyu ya zauna gida yana jiran ajali ba. Jirgi yake hawa. A 2017 shugaban ƙasa na lokacin, Allah ya jiƙansa, ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan. Ban ce kada a yi wa shugaba magani ba. Na ce wanda yake neman likita a Landan ba shi da bakin da zai yi wa mai awon hatsi wa'azin haƙuri.

Yanzu na juyo kanku, 'yan'uwana 'yan tireda, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara. Gwamnati ta yi dokar ta kwanta barci, wannan laifinta ne. Amma hannun da ke miƙa wa yaro ɗan shekara 12 kara ɗaya da ashana, hannun wa ne? Kara ɗayan nan ita ce ƙofar, don yaro ba shi da kuɗin kwali. Ribar da ke cikinta ba ta kai kuɗin kwalbar maganin tari ba. Na san wasu cikinmu za su ji haushina, har su ce akawu ya shiga abin da ba ruwansa. To, ni ke riƙe da jan biron. Ku kuma masu sha, lissafin likitocin Ingila na shekara 50 ya nuna mashayi yana rasa wajen shekara 10 na rayuwarsa, amma wanda ya bari yana ɗan shekara 30 ya kuɓuta daga kusan dukan wannan hasara, wanda ya bari yana da 50 ya rage ta da rabi. Babu na'urar da ta kai bari amfani.

Kafin gwamnati ta farka, ga abin da kowa zai riƙe. Tarin da ya wuce mako biyu ko uku, jini a kaki ko da ɗigo ne, rama ba dalili, dishewar murya da ta ƙi tafiya, ciwon ƙirji ko kafaɗa mai naci, haki a aikin da da ba ya sa ka haki, duk wannan na asibiti ne, ba na kemis ba. Ka je a auna kaki, kyauta ne. In aka ce ba a ga ƙwayar ba, kada ka juya ka tafi, ka tsaya ka ce, "To, likita, in ba shi ba ne, mene ne? Ina za ka tura ni?" Ka gaya masa shekara nawa ka yi kana sha, kada ka ji kunya. In an ba ka magani wata biyu ba sauƙi, ka koma ka sake tambaya, ka tafi da wani ɗan'uwa mai baki.

Reshenmu ya rubuta takardar koke zuwa ga majalisar jiha a kan wannan doka ta tura masu tari da kuma ware kuɗin taba. Tana kan teburina a ofis kullum daga safe har la'asar, akwai biro ga mai rubutu, akwai tawada ga mai dangwala yatsa. Shugabannin layi su zo su karɓi kofe su zaga da shi rumfa-rumfa, a faro daga layin hatsi.